Jawabi Ga Jama'ar Kuchigoro A Kan Ciwon Fata Da Shan Kafso

Iyayena da 'yan'uwana mazauna Kuchigoro, da ku da ke neman abinci a Agege da Sabon Ibadan, waɗanda jawabin nan zai riska ta jarida.

Akwai wani ciwon fata da likitoci ke kira soriyasis. Ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa. Fata ce ke sabuntuwa cikin 'yan kwanaki maimakon wata guda, sai ta yi kauri, ta dinga zubar da ɓawo a gwiwa da fatar kai. Ga yara da samari, yakan ɓullo mako 2 ko 3 bayan ciwon maƙogwaro.

To jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Idan fatar ta tsage saboda susa, wata ƙwayar cuta mai haddasa maruru takan samu mafaka a ciki. Sai mutum ya nufi kemis ya sayi kafso huɗu, ya sha kwana biyu, ya daina. Kafso ba ya warkar da soriyasis. Abin da yake yi shi ne ya kashe raunanan ƙwayoyin, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Tun 1961 aka gano irin waɗannan a Ingila, yanzu kuwa har asibitocinmu sun iso.

Wanda gyambonsa ke tafiya yana dawowa, Asibitin Ƙasa na Abuja ba shi da nisa daga nan. Ya nemi likitan fata, a auna mugunyar tukuna, a san maganin da ƙwayar ke ji.