A Zaunar da Ɗantala Kusa da Shaihu Umar



Maganata a kan littafin Elnathan John ce, Born on a Tuesday, wanda kamfanin Cassava Republic ya buga a 2015. Kun san tushensa gajeren labarin nan ne, "Bayan Layi", da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013. Na daɗe ina sa-in-sa da wasu abokan aikina masu cewa littafin ba namu ba ne, tunda da Turanci aka rubuta shi. Ni kuwa cewa nake a fara ajiye shi gefen Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, sannan a yanke hukunci.

Umar yana ƙarami aka raba shi da mahaifiyarsa, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Masar, ya tashi a hannun Balarabe Abdulkarim. Ɗantala, jarumin littafin Elnathan, shi ma an raba shi da tasa, aka tura shi almajiranci, ya ɓuge a gindin kuka cikin yaran da 'yan siyasa ke haya lokacin zaɓe. Da tarzoma ta ritsa da su ya gudu Sakkwato, Shehu Jamal ya riƙe shi. Dukansu a gaban malamai suka girma, dukansu uwa ta rasu ba su more ta ba.

To, ina suka rabu? Umar yana ba da labarinsa ne bayan ya zama shaihi, ɗalibai kewaye da shi, ya san ko shi wane ne. Karatu ya ba shi suna da mazauni. Ɗantala ma ya yi karatun, ya ƙware a Larabci, ya koyi Turanci wajen abokinsa Jibril, har malaminsa ya jawo shi jiki. Amma masallacin da ya fake a ciki ya dare gida biyu, Malam Abdul-Nur, mataimakin malaminsa, ya ja tasa tawagar, aka kashe Shehu Jamal, yaron ya ƙare a tsare hannun sojoji. Ilmin da ya tsirar da Umar bai tsirar da Ɗantala ba. Wannan ya isa ya hana kowane malami a zauren nan barci, domin ɗalibanmu da yawa ta wannan hanya suka biyo.

Masu cewa marubucin bai yi almajiranci ba, na ji. Shi ma Ɓalewa ba a taɓa sace shi an kai Masar ba.

Roƙona ga masu tsara manhaja bai sauya ba: a haɗa littattafan nan biyu a kwas ɗaya, a sashen Hausa, a tattauna su da Hausa. Shugabannin sassa, ku da kuke zaune a gaba, ku kai wannan magana zaman kwamitinku na gaba.