Hirar ranar hutu: ruwan sama, siyasa da tsofaffin motoci

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Kurni

   

Yau maganarmu a kan hira take. Wani zai ce, hira har ta isa a tara mutane a kanta? Ta isa. Ku duba ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko Asabar da Lahadi, sa'ad da ma'aikata da ƴan makaranta suke zuwa gida. Dattawa suna gindin dogon yaro bisa tabarma. Samari suna fada, butar shayi tana kan gawayi. Mata suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. A nan ake jin wadda ta haihu, da wanda ya tafi cin rani, da kuɗin tiyar hatsi. A nan kuma mutum yake yanke ranar da zai yi shuka, da ranar da zai sayar da wakensa, da motar da zai sa iyalinsa. Hirar da ake yanke irin wannan shawara cikinta ba wasa ba ce.

In kun lura, ko daga ina aka faro, hirar tana komawa ga ruwan sama, da siyasa, da motocin kasuwa. Sau da yawa da gardama ake tashi, domin kowa da abin da ya tuna. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, maganin wannan gardama yana hannunku. Littafi ne da alƙalami. Abin da na zo in roƙe ku ke nan: ku riƙa zuwa wurin hira da littafinku.

Ruwan sama

Wannan ya ce ruwan bana ya fi na bara. Wancan ya ce a'a, na bara ya fi. A yi ta ja har la'asar. Alhali ruwa ana auna shi kamar yadda ake auna hatsi. Ma'auninsa milimita. In an ce an samu milimita 1, lita 1 ce ta zuba bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. In rediyo ta ce Matamai ta samu milimita 20, lita 20 ke nan bisa wannan ɗan fili, kusan jarka guda.

Malaman gona suna cewa kada a yi gaggawar shuka sai ruwan ya kai wajen milimita 20. In ya gaza haka, kuma aka jera kwanaki babu wani, iri ya tsiro ya ƙone. Sai a sake shuka, ga shi irin ya ƙare a rumbu.

To, ga abin da za ku rubuta kowace damina: ranar ruwan shuka, yawan kwanakin da ruwa ya ɗauke a tsakiya, ranar ruwan ƙarshe, da yawan damman da gona ta bayar. Bayan shekara 5 littafin zai yi muku magana. Zai gaya muku ko daminarku tana isar irin gado, ko kuwa gara ku haɗa da gero mai saurin nuna kamar HKP.

Dattawanmu suna riƙe da manyan shekaru a ka. Akwai farin 1973. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, nomanta bai sake komawa yadda yake ba. Akwai yunwar 1984. A 2004 fara da ƙarancin ruwa suka haɗu, hatsi ya yi tsada ƙwarai a 2005. A 2024 kuwa ruwa ne ya yi yawa. Gidajen ƙasa suka zube, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe cikin watan Satumba, aka ɗage buɗe makarantu har 28 ga Oktoba. Yara, ku zauna kusa da kakanninku, ku rubuta abin da suka gani a waɗannan shekaru, da abin da suka ci, da dabarar da ta fisshe su. Tsoho in ya tafi, da labarinsa yake tafiya.

Kada ku raina abin da hira take iya yi. Ku duba gawon da ya cika gonakin Matamai da Magarya da Mirya. Bayan farin 1984 manoma suka riƙa barin ƴaƴan itace cikin gona in suna sassabe. Maƙwabci ya ga hatsin gindin gawo ya fi kyau, ya tambaya, aka gaya masa, shi ma ya bari. Haka abin ya bazu daga baki zuwa baki, har masana suka riƙa zuwa daga ƙasashen waje suna dubawa.

Siyasa

Mu mutanen bakin iyaka ne. Hanyar da ta taso daga Matamai ta bi Ɗan Barto, ta shiga Kwangwalam, ta wuce Daura da Kano. Ranar Lahadi mutanenmu suna cin kasuwar Mai'aduwa. Saboda haka abin da aka yanke a Yamai ko a Abuja, cikin tiyarmu muke ganinsa.

A 1974, ran 15 ga Afrilu, sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma rabon taimakon yunwa yana cikin dalilan da suka bayar. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari, shi ya sa ake kiran yunwar wannan shekara El-Buhari. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka tashi. Cikin Agusta 2019 Najeriya ta sake rufe iyaka har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta rufu har Maris 2024.

Duk lokacin da haka ta faru, kuɗin kaya yana motsawa, canjin naira da sefa yana motsawa. Wanda yake rubuta kuɗin tiyar hatsi da na wake kowace kasuwa, shi ne ya san watan da kaya suke faɗuwa da watan da suke tashi. Ba zai kwashe wakensa duka da kaka ba, ya dawo yana sayen abinci da tsada da damina.

Akwai kuma labarin da ke shigowa ta waya. Wani ya turo murya ta WhatsApp ya ce gobe za a rufe iyaka, ko za a canja kuɗi. Kafin magariba gari ya ɗauka. Mai akuya ya yi gaggawa ya sayar da ita da araha. Mako ya zagayo, babu abin da ya faru. In irin wannan labari ya zo majalisa, ku tambaya: wa ya faɗa? Yaushe? Rediyo ta faɗa? In babu amsa, a ajiye shi gefe har a tabbatar.

Kada siyasa ta raba ku da maƙwabcinku. Masu mulki suna zuwa suna wucewa. Wanda zai taya ka gyaran rufin ɗaki, ya raka ka maƙabarta, yana nan bayan dangarka.

Akwai siyasar da ta fi kusa da mu: rijiyar da ta lalace, ajin da iska ta kwashe, hanyar da ruwa ya yanke. Kullum ana kuka da su wurin hira, a tashi a watse. Ku rubuta koken a takarda, ku sa kwanan wata, ku sa hannu, ku kai wa mai gari da hukumar gari, ku ajiye kwafi. Takardar haraji ma ku adana ta cikin littafin. Maganar baki ana iya musunta ta. Takarda kuwa tana nan.

Tsofaffin motoci

Nan hira take fin daɗi. Dattawa su tuna manyan motocin Berliet da suke kwasar buhunan gyaɗa zamanin SONARA, kamfanin da aka kafa a 1962. Su tuna Land Rover ta masu allurar rigakafi, wadda rairayi ba ya tsayar da ita. Sai a zo kan Peugeot, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. Daga 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Shi ya sa kayan gyaranta suka wadata a Kano, makanikan ƙasar nan suka san cikinta kamar tafin hannunsu.

Samari kuma su kawo nasu labarin. Akwai motar da ba ta tashi sai an tura. Akwai wadda ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Akwai wadda in ta tsaya, sai karen mota ya diro da gudu ya sa mata weji. A yi ta dariya.

Dariyar tana da daɗi, amma mu faɗi gaskiya. Wannan tsohuwar mota ita ce take kai rakenmu da wakenmu kasuwa. Ita ce take ɗaukar mai naƙuda da dare zuwa asibitin Matamai, in abu ya yi tsanani ta wuce da ita Damagaram. Sabuwar mota ta fi ƙarfin direban ƙauye. Yawancin waɗanda muke shiga sun gama aikinsu a Turai kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa a kawo mana. Direbobi da makanikai da masu faci da suke riƙe da su sun cancanci godiya.

Tsufan mota ba laifi ba ne. Sakaci shi ne laifi, kuma shi ke kashe mutane. Kafin ka shiga mota, ko ka sa matarka da ƴaƴanka, tsaya ka duba.

Dubi taya. In zanenta ya shafe ta yi sumul, ko zare ya fito, zafin kwalta yana iya fasa ta.

Dubi lodi. In kaya sun yi tsiri bisa rufi, mutane kuma sun hau bisa kayan, nauyi ya koma sama. Irin wannan mota a kwana take kifewa. Nauyi kuma yana sa birki ya daɗe bai tsayar da ita ba.

Dubi fitila in tafiyar dare ce. Mai ido ɗaya, direban da ke tahowa zai zaci babur ne. Amalanken shanu kuma ba shi da fitila ko kaɗan.

In ka ga jarkunan man fetur cikin fasinjoji, ka sauka. Ƙyastun ashana ɗaya ya isa.

Da damina, in korama tana gudu, ku ce wa direba ya dakata. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya tafiya da mota. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku da kuka iya karatu, ku rubuta lambar motar da kuka sa kaya ko yaro a ciki. In kaya sun ɓace, lambar za ku kai wa shugaban tasha ko jandarma. Ku rubuta kuɗin mota da kuɗin mai. Matatar mai ta SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a 2011, ƙarfinta ganga 20,000 a rana. Cikin Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, man bakin hanya ya yi tsada. Cikin Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 550 zuwa 499. Wanda ya rubuta irin waɗannan, in an ƙara kuɗin mota zai san ko ƙarin yana da dalili. Sai a yi magana da direba cikin mutunci, ba da faɗa ba.

Yadda za ku yi

Littafin ƴan makaranta guda ya isa. Ku raba shi kashi 4. Kashi na fari na ruwa da gona. Na biyu na kuɗin kaya a kasuwa. Na uku na motoci da kuɗin tafiya. Na huɗu na koke da takardun hukuma. Ko da layi ɗaya ne a mako, ku rubuta, ku sa kwanan wata a gaba. Kada ku ji kunyar rubutunku. Hannu da yi yake gyaruwa.

Kowace majalisa da kowace fada ta zaɓi mutum guda mai riƙe littafi. Ran Juma'a ya karanta wa jama'a abin da aka rubuta, wanda bai iya karatu ba shi ma ya amfana. Iyayenmu mata, ku ma ku yi naku. Ku ne kuka fi sanin kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kayan miya, ku ne kuke riƙe da adashi. In an rubuta wadda ta zuba da wadda ta ɗauka, rigima ta ƙare.

In kun ga abin da ya kamata sauran garuruwa su sani, ku rubuto wa jaridarku ta hannun malaminku. Mutanen Kance da Yawuri da Tsauni za su karanta, su ma su aiko da nasu.

Ku ci gaba da hirarku, ku sha shayinku, ku yi wa tsohuwar Fijo dariya. Amma littafi ya kasance bisa tabarma. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare matafiyanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.