A AUNA KAFIN A SAYA: JAWABI A KAN KWAYIL DA WUTAR MOTA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu mai sayar da kayan gyaran mota a nan Kafanchan ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata. Mun buga shi yadda ya faɗa, saboda roƙon direbobi da masu motoci da ba su sami halarta ba.

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu malamai da dattawa, 'yan'uwana 'yan kasuwa da direbobi, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Da Sakatare ya ce in yi magana a kan mota, na ce masa ni fa ba bakanike ba ne, karatuna na allo ne da Islamiyya, sana'ata kuwa saye da sayarwa. Ya ce ai shi ya sa, domin duk motar da ta yi ciwo a garin nan, a kan teburin irinku kuɗinta ke ƙarewa. To, gaskiya ne. Na fi shekara talatin a shagon kayan mota, kuma abin da zan faɗa yau zai rage mini ciniki, na sani. Maganar ita ce: kwayil da yawa da ake saye a hannunmu, tsofaffin da aka cire lafiyarsu ƙalau. Ciwon yana wani wuri dabam, ba a dai auna ba.

Kada a ɗauka ƙaramar magana ce. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, a 2024 kuwa sai da ta haura naira 1,000. Inji mai silinda huɗu, idan ɗaya ba ta kama wuta, mai yana shiga cikinta ya fita ta salansa bai yi aikin komai ba. Sa'an nan kun san hanyoyinmu. Tsakanin Kagoro da Gidan Waya, ko Kwoi da Kafanchan, ba wurin da mutum zai so motarsa ta mutu ba ne bayan magariba, balle da iyali ko da buhunan citta a baya.

Mene ne aikin kwayil?

Injin fetur abu uku yake bukata: mai, iska da wuta. Batir ƙarfinsa bolt 12 ne. Wannan ba zai iya tsallake bakin fulogi ba, ko da yake tazarar wajen milimita ɗaya ce ko ƙasa da haka. Saboda haka aka sa kwayil a tsakani. Ku ɗauke shi kamar taransifomar unguwa, sai dai ita rage wuta take yi, shi kuwa ƙarawa. A cikinsa akwai naɗin waya iri biyu a jikin ƙarfe ɗaya: mai kauri, naɗi ɗari da wani abu zuwa 'yan ɗaruruwa, da siririya kamar gashi, naɗi dubbai. Wutar batir tana shiga mai kaurin, sai a tsinke ta farat ɗaya. Wannan tsinkewar ce ke haifar da bolt 20,000 zuwa 40,000 a siririyar, ta tafi fulogi ta yi tartsatsi. Motar da ke da kwayil ɗaya da silinda huɗu, in inji na juyi 3,000 a minti, kwayil ɗin yana yin haka sau 100 a kowace daƙiƙa. Kun ga dole ya yi zafi.

Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya tsara wannan hanya ta batir da kwayil da kwantak, aka fara sa ta a motar Cadillac a 1910. Ita ce dai muka tarar a Peugeot 404 da 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kakuri, Kaduna, daga 1975. Abin da ya sauya shi ne mai tsinke wutar. A da kwantak ne cikin distirbuta, yanzu kuwa kwamfutar mota ce, wadda kanikawa ke cewa birenbos.

Iri uku ke yawo a tashoshinmu. Akwai kwayil ɗaya mai rarraba wuta ta distirbuta, kamar na 504 da yawancin Golf 3. Akwai wanda ke haɗe dunƙule guda a kan fulogai huɗu, kamar na Peugeot 406. Akwai kuma wanda kowane fulogi da nasa, kamar na Corolla daga 2003 zuwa sama.

Labari biyu daga shago

Ina saurayi, maigidana yana da 504 a-kori-kura da ke ɗauko citta daga Kwoi. Cikin damina ɗaya ta ƙona kwayil biyu. In ta yi zafi sai ta mutu, direba ya jiƙa tsumma ya naɗe kwayil, a jira, ta tashi, a ƙara gaba kaɗan ta sake mutuwa. Maigida ya fara zargin wanda ya sayar mana. Sai wani tsohon fita na reluwe, cikin irin waɗanda aikin jirgin ƙasa ya kawo garin nan, ya tambayi direban abu ɗaya: "Ɗana, in ka tsaya lodi, me kake yi da makulli?" Ashe murɗa shi yake yi ya bar shi a kunne don ya ji rediyo, inji a kashe. A tsohuwar mota, in aka yi haka kuma kwantak ya dace a rufe, wuta na ta kwarara cikin kwayil ba tsinkewa har ya dahu. Da direba ya daina, ba a sake sayen kwayil ba.

Na biyu bai daɗe ba. Wani yaro mai Corolla ya zo ya ce an sa masa kwamfuta, ta ce kwayil. Na sayar masa. Ya kama hanyar Jos, yana isa Hawan Kibo mota ta koma karkarwa yadda take. Ya dawo da fushi, wai Alhaji ka ba ni jabu. Na ce yi haƙuri, mu je wurin mai waya. Aka cire sabon kwayil daga silinda ta biyu aka kai shi ta uku, aka kawo na ukun ta biyu. Ciwo ya tsaya a ta biyu, bai bi kwayil ba. Da aka bi wayoyin, sai ga ɗaya ta karye a cikin robarta dab da soket, daga waje ba ka ganin komai. Dalma kaɗan aka sa. Tsohon kwayil ɗinsa ma lafiya lau yake. Na karɓi kayana na mayar masa da kuɗinsa.

Alamomin ciwo

Inji yana karkarwa a silo kamar mai ɗingishi. Mota tana fizga in ka taka, musamman a hawa ko da kaya, domin a lokacin ne fulogi ya fi bukatar wuta mai ƙarfi. Tana wuyar tashi da safe in an kwana ana ruwa. Tana shan mai, salansa na warin ɗanyen fetur, wani lokaci har ta yi harbi. Ko kuma ta mutu in ta yi zafi, ta tashi in ta huce. Amma ku lura, duk waɗannan alamu fulogi ma yana kawo su, nozul yana kawo su, famfon mai yana kawo su. Alama ba hukunci ba ce.

Abu ɗaya kada a yi wasa da shi. In fitilar cek ta kama ta tsaya, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. In kuwa ƙiftawa take yi, to ɗanyen mai yana shiga tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa yana ƙona ta, ita kuwa ta fi kwayil tsada nesa ba kusa ba. Rage gudu, ka nemi wurin tsayawa mai aminci.

Yadda ake aunawa

Na farko, batir. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 inji a kashe, in inji ya tashi kuma tsakanin 13.5 da 14.5. A duba kawunan batir, da baƙar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen inji, ko ta yi tsatsa ko ta saki. A duba fiyus. In mota ta ƙi tashi sam kuma duk fulogai babu wuta, da wuya a ce kwayil huɗu sun mutu rana ɗaya. A nemi abin da suka yi tarayya a kai: fiyus, rile, ko sansan da ke gaya wa birenbos juyin kiranshaf.

Na biyu, ido. A cire kwayil a duba. Ya tsage? Akwai baƙin layi a jikin robarsa kamar an zana da gawayi? Nan wuta ke gudu. A leƙa ramin fulogi, akwai baƙin mai ko ruwa? A duba soket, ko ƙugiyarsa ta karye, ko ɓera ya ci waya, abin da ya zama ruwan dare ga motocin da ke kwana kusa da rumbun hatsi.

Na uku, kwamfuta, amma a karanta abin da ta ce daidai. Motocin da aka yi don Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da lambobin ciwo iri ɗaya. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu tana tsallake wuta, ba ta faɗi dalili ba. P0300 na nufin tsallaken bai tsaya a silinda ɗaya ba. P0351 zuwa P0354 kuwa na nufin akwai matsala a hanyar wutar kwayil na ɗaya zuwa na huɗu. Hanya fa aka ce, wato kwayil, da soket, da waya, har zuwa birenbos. A nan mutane ke asarar kuɗi. Ka ce wa mai kwamfuta ya rubuta maka lambar a takarda.

Na huɗu, musanya, irin wadda muka yi wa yaron nan. Ba ta cin ko kwabo. In ciwo ya bi kwayil zuwa sabuwar silinda, shi ne mai laifi, je ka saya. In ya tsaya, a musanya fulogi shi ma. In har yanzu ya tsaya, a koma waya, ko nozul, ko matsin silindar kanta.

Na biyar, mita. A kunna makulli a auna soket, ya kamata waya ɗaya ta nuna bolt 12. Kwayil na Toyota waya huɗu gare shi: mai kawo wuta, mai mayar da ita jikin ƙarfe, mai kawo umarni daga birenbos, da mai mayar da amsa cewa wuta ta tashi. Ɗaya ta tsinke, lamba za ta fito. Tsohon kwayil mai kama da gwangwani ana auna shi kai tsaye: naɗi mai kauri wajen om 1 zuwa 3, siririn kuwa wajen om 6,000 zuwa 15,000, gwargwadon iri. Sai dai wani yakan nuna lafiya yana sanyi, ya gaza in ya yi zafi. A 504 kuma a duba tazarar kwantak, milimita 0.4, da kwandansa, da murfin distirbuta, kafin a taɓa kwayil.

Ina roƙon ƙannena masu gyaran waya, a bar kartar waya a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi. A 504 ana yi a kwana lafiya, a motar yanzu birenbos za ka ƙona wa bawan Allah. A sayi 'yar fitilar gwaji da mita. Kada kuma a riƙe wayar fulogi da hannu inji na aiki, kada a gwada wuta kusa da buɗaɗɗen fetur.

Me ya kashe shi?

Ko da an tabbatar kwayil ya mutu, saura tambaya ɗaya: me ya kashe shi? In ba a amsa ba, sabon ma zai bi sahu. Babban mai kashe shi tsohon fulogi ne da bakinsa ya cinye ya buɗe, domin kwayil sai ya yi ta yunƙurin tsallake tazarar da ta fi ƙarfinsa. Sai baƙin mai da ke zuba cikin ramin fulogi in gaskit ɗin murfin inji ya lalace. Sai ruwa. Ƙasarmu ta Kudancin Kaduna damina na da tsawo, ga kuma al'adar wanke inji da famfo mai ƙarfi a wurin wankin mota. Ka ce wa yaro ya goge da tsumma, ya bar feshi.

Wajen saye kuma, ka zo da tsohon, a gwada lamba da lamba. Ko a nan ka saya, ko Panteka ta Kaduna, ko Jos, ka yi sharaɗi a gaban shaida cewa in bai yi ba za ka mayar. Araha ba ta ado.

Mu kuma masu shago, mu ji tsoron Allah. Mun karanta tun muna yara cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, sayar da jabu da sunan na asali algus ne. In mutum ya zo neman kwayil, tambaye shi: an musanya an gani? In ya ce a'a, tura shi ya je ya auna. Za ka rasa cinikin yau, amma a gari irin namu, inda muke zaune da Fantswam da Bajju da Ham da Atyap da Ibo da Yarbawa, kowa na shigowa shagonmu, amana ita ce jarin Bahaushe. In ka cuci mutum ɗaya, ba sunanka kaɗai zai kira ba.

Shawarata ga ƙungiya, Ranka ya daɗe, mu haɗa kuɗi a sayi na'urar karanta lambobin nan guda ɗaya da mita, a ajiye hannun wani yaro namu mai gaskiya da ya iya karatu, a tura shi ya koya sosai. Direbobi za su huta, yaron kuma ya sami abin yi.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, kanikawan da ke zaune a nan su gyara mini. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da garinmu da maƙwabtanmu lafiya.