Fitilar da Ta Ceci Kifi da Hunturu Tana Iya Kashe Shi da Bazara

Jawabin jami'in sashen noma a taron masu kiwon kifi na ikilisiyoyin ƙauyukan Haɗeja

 

Dukanmu mun sani, tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala a fadamun kogin Haɗeja ya canja. Ga kuma kachala ta toshe hanyoyin ruwa, su ya ja baya. Shi ya sa da yawanmu muka koma kiwon tarwada a baho ko a kwamin siminti a gida. Kuɗin makarantar yara da na magani suna cikin ruwan nan.

A wata bazara, an kira ni wani ƙauye inda zumuntar mata ta haɗa kuɗin adashe ta fara renon 'ya'yan tarwada. Na tarar fiye da rabi sun mutu. Wata uwa ta ce mini, "Ɗana, ko sammu aka yi mana?" Na ce, "Mama, bari mu auna ruwan tukuna." Ma'aunin zafi ya nuna digiri 35. Ɗakin na kwano ne, taga a rufe, ga ƙwan fitila mai wat 60 rataye dab da ruwa. Sun sa shi ne da hunturu don ɗuma ruwa, kuma dabara ce mai kyau a lokacinta. Sanyi ya wuce, fitila ba ta sauka ba.

Ga abin da ke faruwa. Tarwada ta fi jin daɗin ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. A nan Haɗeja, zafin rana yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Tsohon ƙwan fitila mai zare kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi ne, ba haske ba. In ruwa ya yi zafi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa takan ragu, alhali a lokacin ne ya fi bukatarta. Babbar tarwada takan taso ta haɗiyi iska a sama, amma 'ya'yanta a makonnin farko ba su iya ba tukuna. In kun ga sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, ko sun ƙi abinci, kada ku jira gobe.

Na farko, ku kashe fitilar. Tarwada ba ta son haske mai yawa. In dole ne a duba su da dare, a yi amfani da ƙwan LED, a ɗaga shi nesa da ruwa.

Na biyu, ku yi inuwa. A sa zana a kan kwano ko a kan rumfa, a buɗe tagogi iska ta ratsa. Kada a rufe bakin baho da leda.

Na uku, ku tuna da randa. Ruwanta yana sanyi ne domin danshin jikinta yana bushewa cikin iska. Ku naɗe baho da jiƙaƙƙen buhu, ku riƙa yayyafa masa ruwa.

Na huɗu, ku rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ku zuba na rijiya a hankali, ta cikin gwangwani mai huji, yana zuba kamar yayyafi domin ya ɗauki iska.

Na biyar, abinci da sassafe da yamma kawai, kaɗan kaɗan. Abin da ya rage yakan ruɓe da sauri cikin zafi, ya ɓata ruwa.

Gargaɗi ɗaya, 'yan'uwa: kada ku jefa ƙanƙara cikin baho. Sanyi farat ɗaya yana kashe su kamar yadda zafi ke yi. A sauko da zafin sannu a hankali, cikin sa'o'i. Kowace ƙungiya ta sayi ma'aunin zafi, a ba yaro ɗan makaranta ya riƙa aunawa safe da ƙarfe uku na rana, yana rubutawa. Hannu yakan ruɗi mutum, ma'auni ba ya ruɗi.

Matan nan sun yi haka, sauran kifin kuma suka rayu.

A Littafin Yunusa sura 4, Allah ya tsirar da tsiro don ya yi wa bawansa inuwa, ya kuma nuna masa cewa yana tausayin mutanen Nineba har da dabbobinsu. In Mahalicci ya kula da dabba, mu da aka ba amana kada mu yi sakaci. Wanda ya ji yau, ya gaya wa maƙwabcinsa, Kirista ne ko Musulmi, gama rana ɗaya ce ke dukan mu duka.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku. Amin.