Tsiro Uku a Ɗaki: Yadda Dokar Ƙidaya ke Shiga Hannun Sabon Manomin Wiwi a Jamus da Kanada



Abin da zan yi magana a kai ba a gonakinmu yake faruwa ba. A ɗakunan birane irin su Balin da Toronto ake yin sa, inda doka ta ba wanda ya mallaki hankalin kansa izinin shuka wiwi a gida. A Nijeriya noman wiwi laifi ne, tun daga dokar 1966 har zuwa wadda ta kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma ban tsaya a nan don neman a sauya hakan ba. Na ɗauko batun ne domin ya fito da wani abu da ya kamata duk mai renon tsiro ya lura da shi, wato yadda adadin shukar da mutum yake da ita ke sauya yadda yake riƙe butar ban ruwa.

Yurugwai ce ta buɗe ƙofa a Disambar 2013, ta amince da shuka shida ga kowane gida bayan an yi rajista. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoban 2018 da shuka huɗu ga kowane gida, amma lardin Kwibek ya hana noman gida, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar masa da wannan ikon a 2023. Malta ta yarda da huɗu a 2021. Jamus kuwa, daga 1 ga Afrilun 2024, ta ba kowane baligi shuka uku. Duk dokokin nan ƙidaya suke yi, kuma ƙidayar ba ta wuce yatsun hannu ba.

To, mu kwatanta da manomin rani na Kadawa ko Kura. Idan zai yi yafin tumatir, da tafin hannu yake watsa iri. Dubbai ne za su tsiro, wasu su mutu bai ma sani ba, ya tsuge masu ƙarfi ya kai wurin dashe. Yawan tsiron ya ba shi natsuwa. Shi kuwa mutumin Balin da bai taɓa riƙe fartanya ba, ƙwaya uku ya saya da tsada, ya sa su a tukwane cikin ɗan tantin da ya kafa a kusurwar ɗaki. Safe da yamma yana leƙawa. Ganye ya ɗan sunkuya, ya ƙara ruwa. Launi ya ɗan sauya, ya ƙara taki. Garin neman gira sai ya rasa ido. A ganina yawan kulawa ya fi sakaci kashe tsiron sabon hannu, kuma ƙarancin adadin da doka ta bayar yana ƙara rura wannan ɗabi'a.

Bari in daɗe kaɗan a kan ruwa, domin nan ne gizo ke saƙa. Tsiro na makonni biyu na farko saiwarsa 'yar siririya ce, ba ta iya shanye ruwan babbar tukunya. Saiwa kuma tana numfashi kamar yadda ganye ke yi, daga iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take samun abin shaƙa. Idan ruwa ya cika waɗannan 'yan ramuka kullum, sai ta shaƙe. Abin da ke ruɗar sabon manomi shi ne, tsiron da ruwa ya yi wa yawa yakan yi yaushi kamar mai jin ƙishi, sai ya ga alamar ya sake zubawa. A cikin wannan laima ne ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia da Fusarium ke samun wurin zama. Sukan kama kara daidai inda ya haɗu da ƙasa, wurin ya tsuke ya yi laushi, da safe a tarar da tsiron kwance. Duk wanda ya taɓa yafin tumatir ko tattasai a lokacin da ƙasa ke jiƙe sharkaf ya san wannan mutuwar. Cuta ɗaya ce, ba ta san sunan shuka ba, kuma tsiron da ya kwanta ba ya tashi. A fili rana da iska sukan busar da saman ƙasa, su rage ɓarnar. A ɗaki babu ko ɗaya, shi ya sa fanka ta zama wajibi a wurin masu noman ɗaki kamar fitila.

Taki ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙwayar iri tana zuwa da guzurinta a cikin ganyaye biyu na farko, ƙasar tukunya da ake sayarwa kuma galibi an riga an cakuɗa ta da abinci. Ƙarin takin zamani a wannan mataki ƙona bakin ganye yake yi.

Haske shi ne wurin da noman ɗaki ya rabu da namu kwata-kwata. Wiwi shuka ce mai auna tsawon dare, sai dare ya yi tsawo take fure. Saboda haka mai noman ɗaki shi ne ke yanke wa shukarsa rana da dare da makunnin lantarki. Idan hasken ya yi rauni tsiro yakan miƙe zalau yana neman sa, kara ya yi siriri har ya kasa ɗaukar kansa. Idan fitilar ta matso da yawa ganye ya ƙone. Mu da rana ke zuwa mana kyauta, da wuya mu ji nauyin wannan, amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wani bincike da Evan Mills ya wallafa a 2012 ya ƙiyasta cewa noman wiwi a cikin gine-gine yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na wutar lantarkin da Amurka ke amfani da ita. Ƙasa mai faɗin Amurka, ana sayen rana da kuɗi don shuka ɗaya!

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba na tsiron ba ne, na mutanen gidan ne. Ɗakin da ake riƙe da ɗumi da laima saboda shuka, fumfuna na kama bangonsa, masu asma da ƙananan yara su ne ke shaƙa. Fitila da fanka da ke kunne sa'o'i masu yawa kusa da ruwa, a kan wayoyin da ba a yi su don wannan nauyi ba, hanyar gobara ce. Tsiron da ke tukunya yau, bayan 'yan watanni abin maye ne a cikin gida. Dokar Jamus ta wajabta a killace shuka da iri yadda yara ba za su kai gare su ba, ta kuma hana mai noman gida bai wa wani abin da ya girbe. Amma jami'i ba ya kwana a ɗakin kowa, aiwatarwar tana hannun uba ko uwar da suka kafa tantin.

Jamus ta yi wani tanadi da ya shafi matakin tsiro kai tsaye. Daga 1 ga Yulin 2024 ta ba da damar kafa ƙungiyoyin noma waɗanda membobinsu ba za su wuce 500 ba, kuma an yarda su ba mutum iri har ƙwaya bakwai ko yankan reshe biyar a wata. Dole kowace ƙungiya ta naɗa mai kula da rigakafin shaye-shaye. Da wannan, sabon hannu yana da inda zai koma idan tsironsa ya kwanta, kuma wanda zai miƙa masa sabon iri mutum ne da hukuma ta san sunansa da adireshinsa.