A San Tsiro Kafin A Sa Masa Gatari: Jawabi Ga Makiyaya Da Masu Lambu A Showak

 

Jama'a, maganar da na zo da ita yau ita ce ta ƙananan itatuwan da ke fitowa a wurin da aka sare manya. Ko a lambun bakin kogin Atbara ne, ko a bayan gida inda aka kayar da darbejiya, ko a burtali inda masu gawayi suka bi, da zarar damina ɗaya ta wuce sai ka ga wurin ya cika da tsiron da ba ka sani ba. Wani ya sa gatari ya share duka, wani kuma ya sako awaki su cinye. Dukansu biyu suna iya yin asara, don a cikin tsiron nan akwai dukiya, akwai kuma guba.

Da farko, daga ina suke fitowa? Babban itace yana tare rana, saiwarsa kuma tana shanye ruwa, don haka abin da ke ƙarƙashinsa ba ya samun girma. Amma iri yana nan kwance a ƙasa, wani kashin awaki ya kawo shi, wani tsuntsu. Akwai kuma tsofaffin kututture masu rai. Ƙasar Gadarif ta ga sara mai yawa tun da aka fara noman tarakta a wajajen 1945, ya kuma ƙaru bayan kafa hukumar noman inji a 1968. Itatuwan sun tafi, amma saiwar da yawa daga cikinsu ba ta mutu ba.

To, yaya za a gane su? Abu huɗu za a duba: gindi, ƙaya, ganye, da ruwan jikinsa.

A fara da gindi. A tona kaɗan da hannu. Idan rassa da yawa sun fito daga tsohon kututture, to tohon itacen da ke wurin ne, kuma zai yi saurin girma saboda saiwarsa ta riga ta yi nisa. Idan sanda ɗaya ce siririya, daga iri ya fito.

Sai ƙaya. Dakwara, wadda Larabawa ke kira hashab, mai ba da ƙaron da ake sayarwa, ƙayarta uku-uku ce: ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe suna kallon sama. Kitir ƙayarsa biyu-biyu ce, gajeru masu kama tufa kamar ƙugiya. Dushe, wato talha, nasa dogaye ne farare miƙaƙƙu, ɓawonsa kuma yana barin gari a hannu. Kurna, wato sidir, ƙaya ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, da jijiya uku a ganyenta. Aduwa, wadda ake kira hijlij, ganyenta biyu-biyu ne, ƙayarta kore. Waɗannan duka abincin raƙuma da awaki ne, a bar su. Sai dai kitir idan ya yi yawa yakan rufe wuri ya hana ciyawa, don haka a rage shi.

Yanzu ga waɗanda za a yi hattara da su. Na farko miskit. An shigo da shi Sudan a 1917, asalinsa daga nahiyar Amurka, aka yi ta dasa shi don tare hamada. Da ya mamaye gonaki da magudanan ruwa a Sabuwar Halfa da Gash da Tokar, gwamnati ta ba da umurnin kawar da shi a 1995. Yana ƙarami yakan yi kama da dushe, amma ganyensa ya fi girma da duhu, ba ya zubar da shi da rani, rassansa suna sunkuyowa, 'ya'yansa dogaye ne rawaya masu zaƙi. Dabbobi suna son su, su kuma ke yaɗa irin a kashinsu. Saniyar da ta daɗe ba ta cin komai sai 'ya'yan miskit, muƙamuƙinta yakan saki, ta kasa tuƙa, ta rame. Sara daga sama ba ya kashe shi, sai ma ya ƙara toho. A tono shi yana ƙarami, a yanke can ƙasa da inda gindin ya shiga ƙasa.

Na biyu awir, ɗan'uwan duman kada, mai son wuri mai laima. Sandarsa rami ne a ciki, ganyensa faffaɗa, furensa ja-ja mai kama da kakaki. Akuyar da ta saba cinsa takan riƙa tangaɗi, ƙafafun baya su mutu. Na uku tumfafiya, wato ushar, wadda kowa ya sani da farin ruwanta mai cutar da ido. Yawanta alama ce ta ƙasa ta gaji. Duk tsiron da aka karya ya fitar da farin ruwa, a hana dabbobi shi sai an tabbatar da ko mene ne.

Wanda ya gagari ganewa, a kewaye shi da ƙaya, a jira ya yi fure ko 'ya'ya. Sannan a yanki reshe mai ganye da ƙaya a kai wa dattijon da ya san daji, ko ma'aikacin gandun daji, ko likitan dabbobi. Kada a tafi da ganye ɗaya tak, ba zai isa ba.

Abin da za a yi da masu amfanin, 'yan'uwanmu na Maraɗi a Nijar sun nuna hanya tun wajajen 1984, suna kiranta sassabin zamani. A kowane kututture a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, a yanke sauran, a kare su daga baki da wuta. Da haka miliyoyin kadada suka sake samun itatuwa ba tare da dashe ba.

Saboda haka ina roƙon kowane ardo, kafin a shiga sharar bana, ya zaga burtalinsa da matasa, ya nuna musu sunan kowane tsiro da Hausa da Fulatanci da Larabci. Yaron da ya san dakwara daga miskit ba zai sare ƙaron gidansu ya bar ƙayar da za ta rufe masa mashaya ba.