Hakkin Ɗan Ƙwadago

 Karatunmu na yau yana cikin Yakubu 5:4 da Littafin Firistoci 19:13.

Kaka ta yi. Daga Burumburum har Tudun Wada da Doguwa ana karyar masara, ana yankan shinkafa. Ɗan'uwa, ka ɗauki 'yan ƙwadago, kun shirya za su tashi ƙarfe biyu, sai ka tsare su har faɗuwar rana, ba ƙarin ko kwabo. Wurin biya kuma ka zabtare kuɗinsu, wai lauje ya karye.

Mai albashin wata yana da dokar da ke tsaya masa. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana a yanke wa ma'aikaci fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa a wata guda. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma wannan bai shafi ƙwadagon kaka ba.

To, ɗan ƙwadago ba shi da gata ke nan? Yana da shi! Yakubu ya nuna mana cewa hakkin da ka danne yana kai ƙararka, Ubangiji kuwa yana ji. Shari'ar Musa ma ta hana ladan ya kwana a hannunka.

Kafin ka kawo baikon godiya ranar Lahadi, je ka biya wanda ya yanke maka gonar.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsarkake hannuwanmu daga cin gumin talaka, cikin sunan Yesu. Amin.